Dabbobin teku a kan tsaunin Kanada

A garin Field muka kwana, ni da yayana mazaunin Kalgari. Ɗan ƙaramin gari ne a yammacin Kanada, layin dogo a gefensa, tsaunuka sun yi masa zobe. Da sassafe muka haɗu da ja-gorarmu kusa da Takakkaw, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, domin hukumar gandun Yoho ba ta barin kowa ya je wurin da burbushin dabbobin tekun yake shi kaɗai. Zuwa da dawowa ya haura kilomita 20 a ƙafa, kuma hawan ya ci mana gwiwa.

Inda muka dosa wani ɗan fili ne da aka sassaƙa a jikin dutse, sama da mita 2,000 daga doron teku, tafkin Emerald kore shar a can ƙasa. A wannan yanki ne masanin burbushin halittu Charles Walcott ya gano burbushin halittun da ke cikin dutsen da ake kira Burgess Shale a 1909, daga baya ya tara sama da 65,000. Masana sun ce shekaru miliyan 508 da suka wuce nan gindin teku ne. Laka ce ke zaftarowa ta binne dabbobin nan take kafin su ruɓe, shi ya sa har hanji da idanu suka bar shaida.

Ja-gorar ta ɗora mini wani falalen dutse a tafin hannu, ta ce in karkata shi wajen rana. Da farko baƙi kawai na gani. Can sai abin ya yi ƙyalli: Marrella, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba, ga ƙahoni sun lanƙwasa baya, ga jiki gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ƙafafunta biyu. Na ce, "Yaya, zo ka gani!" Ya duƙa ya daɗe yana kallo, ya ce ikon Allah.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Kai a gaba, dama daidai da hagu, ƙafafu masu gaɓoɓi: fasalin da fara da kunama da gizo-gizo ke yawo da shi yau, ga shi tun wancan zamani. Ire-iren dabbobi sun zo sun shuɗe, amma manyan tsare-tsaren jiki kaɗan ne, kuma yawancinsu sun bayyana a zamanin Kambiriyan, wato zamanin da waɗannan dabbobi suka rayu.

Wasu kuwa sun sha kan masana. Opabinia idanu biyar gare ta, da dogon hanci irin na giwa mai kama abinci. Anomalocaris, babbar mafarauciyar tekun, an daɗe ana ɗaukar bakinta dabba guda, hannunta wata dabbar daban, sai a 1985 Harry Whittington da Derek Briggs suka haɗa ta wuri ɗaya. Hallucigenia ma a kife aka zana ta a 1977, tana tafiya a kan ƙayoyin bayanta, sai 1991 aka miƙar da ita. Ina girmama masu wannan aiki, don na ga irin ɗan ƙyallin da suke karantawa.

Na tambayi Pikaia, 'yar siririyar da ake dangantawa da asalin masu ƙashin baya, amma hotonta kawai aka nuna mana. Kafin mu juyo, kowa ya mayar da dutsen hannunsa, domin ɗaukar ko ɓarɓashi laifi ne a dokar Kanada. Iska ta fara kaɗawa, ja-gorar ta ce mu hanzarta kafin hadari ya haɗu.