Fankar banɗaki: ina iskar take zuwa?

Sabbin gidajen da ake ginawa nan Maradi, musamman wajen unguwar Ali Ɗan Sofo, yanzu banɗaki cikin ɗaki ake sa shi, wani ma ba ko taga. Sai a liƙa ƙaramar fanka mai zuƙe iska a ce an gama. Abin da ke damuna shi ne inda ake tura iskar.

Masu aiki da yawa sukan huda silin kawai, fanka ta riƙa hura tururi tsakanin silin da kwano. Na hau gidan ƙanwata da damina na leƙa: katakon ya yi baƙi, ƙusoshi sun yi tsatsa, ga warin ruma. Dole iskar nan ta fita waje ta bango, ta tiyo mai faɗin santimita 10, gajere, ba lanƙwasa da yawa. A ɗan karkatar da shi ƙasa ta wajen fita don kada ruwa ya komo ciki. Kada kuma a haɗa shi da bututun shadda, wari ne zai dawo ɗaki.

Bakin waje yana son murfi mai buɗewa da kansa, in ba haka ba ƙurar hunturu da sauro da ƙadangaru sun samu hanya.

Na ce wa maginin gidan ƙanwata, "Malam, a rage ƙasan ƙofa kamar santimita 2." Fanka ba ta iya fitar da iska in wata ba ta shigo ba. Bayan wanka a bar ta tana juyawa minti 15 zuwa 20.