Asabar: gwangwanin Gwaggo

Bayan La'asar Gwaggo ta aiko jikanta daga Ƙofar Mata da gwangwanin madara cike da tsofaffin kuɗi, wai in duba mata, don wani dillali ya ce mata duk mai tabo ba ya kuɗi. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, na ɗauko madubin ƙara girma da fitilar waya.

Yawancinsu aninai ne da kwabbai masu huda na zamanin Turawa, sai sulalla kaɗan da dala guda. Maganar dillalin nan rabinta ce gaskiya. Tabo iri-iri ne, kuma tambayar farko ita ce: a tashe yake ko a lotse?

Na fara da wani kwabo na 1936, mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta a shekarar. Akwai wani siririn layi da ya taso daga bakinsa ya ratsa haruffa biyu. Ido zai ce ƙarzuwa ce. Da na kwantar da fitilar ta gefe, sai ga layin ya yi tudu har yana jefa inuwa. Wannan tun daga masana'anta ya zo. Hatimin ƙarfen da ake buga kuɗin da shi ne ya tsage, da aka danna sai ƙarfen kwabon ya kutsa cikin tsagar, kuma duk kwabon da hatimin ya buga bayan nan da layin zai fito. Ƙarzuwar ƙusa ko wuƙa kuwa rami take yi, ta ture ƙarfen gefe da gefe kamar kunyar gona. Yaron ya nuna min wani ɗan ɗigo kusa da hudar wani anini, ya ce ga wani tabon. Harafin H ne, alamar masana'antar Heaton ta Birmingham. Wasu KN ne a jikinsu, alamar masana'antar King's Norton.

Ƙananan lotsawar da ke fuskar sulallan ba su dame ni ba, karo da juna ne a cikin buhu da aljihu. Koren da ya kama kwabban tagulla kuwa aikin laimar damina ne, kuma shi ci yake yi, in an bar shi sai ya rarake wurin.

Dalar ce ta ba ni tausayi. Ta Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, 1780 a jikinta, kodayake wannan shekarar aka ci gaba da bugawa a kansu har bayan ƙarni biyu, don haka ba ta nuna tsufa. A samanta akwai ɗan ƙullutun dalma inda maƙerin fari ya taɓa liƙa mata kunne don sarƙa. Wannan ni ban ƙi shi ba, ado aka yi da ita. Amma fuskar tana wani ƙyalli fayau, kuma a madubi sai ga ɗaruruwan layuka sirara, duk sun kwanta gefe ɗaya. Toka da soso ke nan. Baƙin da azurfa ke yi da kanta, masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son sa a kan wannan ƙyallin.

Na kira Gwaggo bayan Magariba. "Gwaggo, don Allah in akwai saura kar a wanke." Ta ce, "To ɗan nan, wa zai sayi abu da dauɗa?" Ashe shekaranjiya ta sa aka goge dalar, kuma akwai wani ƙullin a ƙasan adaka da ta jiƙa wa lemon tsami. Na roƙe ta ta bar shi yadda yake, gobe da hantsi zan je da kaina in naɗe kowanne a takarda daban, ban da leda.