Abin da jikin kifi ke faɗa game da ruwan koginmu

Kwalbar ruwan da aka ɗebo a kogi tana nuna halin ruwan ne a lokacin da aka ɗebe shi kawai. Kifi kuwa a ciki yake kwana yake tashi, duk abin da ya ratsa ruwan cikin watanni yana barin alama a jikinsa. Shi ya sa nake ganin masuntanmu na Argungu da Yawuri sun fi kowa damar gane gurɓacewar kogi da wuri, in an nuna musu abin da za su riƙa dubawa.

Kifin wuri ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. A kama iri ɗaya, masu girma ɗaya, kamar goma zuwa ashirin a saman inda ake zargi, sannan a kama kwatankwacinsu a ƙasansa. A duba su nan take a bakin ruwa, domin kifin da ya yi awanni a kwando launinsa ya riga ya sauya, sai ya ruɗe ka.

Fara da ɗaga murfin kunnensa. Naman da yake numfashi da shi ja ne jawur in yana da lafiya, zarensa a rarrabe. In ya koɗe, ko ya yi ruwan ƙasa, ko yauƙi ya manne zaren, mai yiwuwa ruwan yana ƙona shi. Sai fata: gyambo, fikafikan da suka zagwanye, ido da ya bulluƙo, ƙashin baya da ya karkace. A nan ake yawan kuskure, don raga da ƙugiya ma suna ji wa kifi ciwo, sanyin hunturu kuma yana kawo gyambo da farin fumfuna ko a ruwa mai kyau. Abin lura shi ne kifi nawa ke da alamar a ƙasa idan aka kwatanta da na sama. Daga nan a farke ciki a dubi hanta. Mai lafiya sumul take, wadda ta kumbura, ta yi dabbare-dabbare ko take marmashewa a yatsa abin tuhuma ce.

Irin kifin ma yana da muhimmanci ƙwarai. Tarwaɗa tana shaƙar iskar sama, tana rayuwa a ruwan da karfasa da giwan ruwa suka galabaita a ciki, don haka yawanta ba shaidar tsabta ba ce. Amfaninta shi ne a laka take kiwo, inda guba ke kwantawa.

In aka wayi gari da matattun kifaye, a tambayi wanda ya fara gani. Manya ne suka fara mutuwa da asuba, suna haki a saman ruwa? Ƙarancin iska ne, sau da yawa bayan ruwan farko ya wanko taki da shara cikin kogi. Ƙanana ne suka fara, suna juyi kamar masu farfaɗiya, ga kwaɗi da dodon koɗi a mace? A nemi maganin feshin gonakin shinkafa na fadama, ko masu zuba maganin ƙwari na Gamalin a ruwa don kamun kifi.

Inda ido ba ya aiki shi ne ƙarafa, kuma wannan ya fi damuna. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 daga niƙan dutsen zinariya ta fito, ga kuma zaibar da ake haɗa zinariya da ita. Daga can ne kogin Zamfara da na Ka suke gangarowa Kebbi. Kifi na iya yin ɓul-ɓul alhali namansa ɗauke yake da zaiba, musamman manya masu cin 'yan'uwansu irin giwan ruwa da tsage, kuma suya ko banda ba sa fitar da ita. Masu ciki da ƙananan yara ta fi yi wa illa. Wannan sai gwaji: a sa kowane kifi a ledarsa mai tsabta, a rubuta wuri da rana, a binne cikin ƙanƙara, kada a yanka da wuƙa mai tsatsa, a kai ɗakin gwajin jami'a ko cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa. Ma'aunin duniya na dalma a naman kifi bai wuce miligiram 0.3 a kowane kilo ba.