Wata Biyar da Komawata Kan Allo

Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan karatu, musamman ire-irena da suka waiwayi allo bayan furfura ta fara leƙowa.

Yau wata biyar ke nan da na sayo allona a Kasuwar Kurmi, na kai wa Malam ya yi mini tambaya a kan inda na tsaya tun ƙuruciya. Da ya saurare ni sai ya ce mu koma Nasi. Ban ji daɗi ba, amma na koma. Yanzu izun Sabbi da na Amma sun shige, ina cikin izu na uku, allona yana kan Muzzammil. Da hannuna nake rubutawa, ba kamar watan farko ba da Malam ke ɗora mini baƙi ina bin sawu. Layina har yanzu yana gangarowa hagu kamar hanyar ruwa, amma an daina tambayata ko baƙin da na rubuta lam ara ce ko alu.

Abin da ban zata ba shi ne allon nan zai shiga cikin barcina da cin abincina da sana'ata. Ni tela ne. Duk wanda ya san ɗinki ya san cutarmu: wuta ta zo ƙarfe sha ɗaya na dare, ka ce bari ka ƙarasa wuyan riga ɗaya, kafin ka ɗago ƙarfe biyu ta yi. A haka na fara karatun, da zumuɗi kuwa. Nakan cika allo gaba da baya, in tashi kafin kiran sallar farko in yi tilawa, in wuce shago. Kwana goma sha biyu na yi a haka. A na sha uku na yanka shaddar wani bawan Allah a gurguje, hannu ɗaya ya fi ɗaya da kusan taƙi, sai da na biya yadi daga aljihuna. Washegari kuma rana ce ta tashe ni, jam'in asuba ya wuce. Wato garin neman ƙiba na samo rama.

Da na je biyawa, ban ce wa Malam komai ba. Ya dubi allon ya ce, "Wannan rubutun mai jin barci ne." Ya nuna mini inda alƙalami ya yi nauyi tawada ta taru, da inda na tsallake kalma guda ban sani ba. Sannan ya yanke mini layi biyar a rana, ba ƙari, ya kawo hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Na daɗe da sanin hadisin, har nakan faɗa wa yaran shagona. Ranar ce dai aka auna shi da ni.

Layi biyar ɗin kuwa sun tilasta mini gyara abubuwan da ban taɓa ɗauka suna da alaƙa da karatu ba. Lokacin rubutuna daga dawowa masallaci da asuba ne zuwa hudowar rana, kafin yara su fara neman koko. In ina son hannuna ya tsaya a wannan lokacin, dole in kwanta kafin sha ɗaya. In ina son in kwanta kafin sha ɗaya, dole keke ya yi shiru bayan isha'i, ko da wuta ko babu. Wannan ya fi komai ciwo, don kuɗi ne nake gani suna wucewa. Na rage karɓar aiki, na daina yi wa mutane alkawarin jibi alhali na san sai mako. Wasu sun kwashe kayansu sun kai wani wuri. Waɗanda suka tsaya sun daina zuwa suna tsaya mini a ka, domin ranar da na faɗa ita ce ranar.

Sai waya. Da can a gefen matashi take kwana, kuma ita nake fara dubawa kafin in yi addu'ar tashi daga barci, abin kunya. Yanzu a aljihun rigar da na rataye take kwana, ba na taɓa ta sai na jingine allo. Tuwon dare ma na rage malmala ɗaya, na matso da shi kusa da magariba. Bayan azahar nakan ja labulen shago in miƙe a kan tabarma kamar minti ashirin. Yaran sun san ƙailula ce, ba mai tashina sai in gobara ake yi.

Bari in koma kan kayan aiki, tunda da yawanku a kansu kuke tambaya. Tawadar allo ta gawayi ce, wadda ake kira zuge. Ina dake gawayi ya yi laushi sosai, in tankaɗe da tsumma, in jiƙa ƙaro daban har ya narke, sannan in haɗa. Ƙaron ne ke riƙe baƙin a jikin allo. In ya yi kaɗan, rubutu na bushewa zai riƙa gogewa a hannun riga. In ya yi yawa, sai ya yi ƙyalli ya dinga ɓamɓarowa, kuma alƙalami ya riƙa ja kamar ana rubutu da zuma. Sau huɗu na zubar kafin na dace. Yanzu da hunturu ya shigo, tawada na ƙafewa a bakin alƙalami kafin in gama kalma biyu, don haka nake ajiye ɗan ruwa a murfin kwalba ina ɗigawa. Alƙalamin gamba nake amfani da shi. Fiƙe shi wani karatu ne daban: a karkace ake yanke bakin, a ɗan tsaga tsakiya don tawada ta samu hanya. Reza sabuwa ta fi wuƙa, amma ku yi hankali da babban yatsa, nawa ya shaida.

Wahalar da na fi sha ita ce ɗigo. Na shekara da shekaru ina karatu a bugun Hafsu, inda fa ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf kuma biyu. A rubutunmu na Warshu, ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma guda ɗaya ne a sama. To hannu sai ya bi abin da ido ya saba, in rubuta fa in ɗora mata ɗigo a ka, ta zama ƙaf. Malam ba ya faɗa, sai dai ya sa yatsa a wurin ya yi shiru har in gano da kaina. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in riƙa kiran sunan baƙin a fili kamar yaro mai babbaƙu, fa guje, ƙaf wau, kafin alƙalami ya sauka. Ƙaramar 'yata tana zama kusa tana dariya, wai Baba ya koma ajinsu. Ita ce ma ta tuna mini da ha kuri, na manta sunanta gaba ɗaya.

A Muzzammil ɗin nan na daɗe. Farkonta umarni ne da tsayuwar dare, rabinsa ko a rage kaɗan ko a ƙara. Ina rubutawa ina jin nauyi, ina tuna kwanaki goma sha biyun nan da na kasa. Da na iso ayar ƙarshe, doguwar nan da ta cinye mini kwana uku a layi biyar-biyar, sai ga sassauci: Allah ya san a cikinku za a samu marasa lafiya, da masu tafiya a bayan ƙasa suna neman falalarsa, don haka ku karanta abin da ya sauƙaƙa. Na karanta ayar nan ba adadi a baya. Amma wanda ya rubuta ta baƙi bayan baƙi, yana jiran tawada ta bushe, yana da lokacin da zai lura cewa an ambaci mai neman abinci a cikinta. Na ajiye alƙalami na daɗe ina kallon allon, har kokona ya huce.

Alhamis da Juma'a ba na ɗora sabon rubutu, kamar yadda makarantun allo ke hutawa. Da farko na so in mayar da su ranakun ramuwa. Uwargida ce ta ce ita ma tana da rabo a cikin makon, kuma gaskiyarta. Abin da Salmanul Farisi ya faɗa wa Abu Darda'i ke nan, Annabi (SAW) ya gaskata shi, cewa Ubangijinka na da haƙƙi a kanka, ranka na da shi, iyalinka ma na da shi. Yanzu yammacin Alhamis na zumunci ne, mukan je gaida Inna. Tishe, wato maimaita karatun baya, kawai nake yi a hanya, a zuci.

Ba duka aka gyara ba. Makon jiya sau biyu na karya dokar keke saboda kayan biki, kuma allon ya tona ni duka biyun. Ban san yadda zan yi ba in azumi ya zo ɗinkin Sallah ya taso. Malam ya ce a lokacin za mu sauko zuwa layi uku.

Abin da ke gabana yanzu shi ne fara gwada rubutu a takarda, wanda ke bukatar yambari, tawadar da ba ta wankuwa. Na jiƙa 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera a tsohuwar tukunya tun shekaranjiya. Ruwan ya fara duhu, amma da na gwada a takarda sai ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, ya ɗan ƙara baƙi bayan ya sha iska. Wanda ya taɓa dafa ta a cikinku, don Allah ya gaya mini ko tun a kan wuta ake zuba ƙaron, ko sai an sauke an tace.