Abin da aikin situdiyo ya koya mini kan mawaƙan gambara da suka tsaya a hanya

Aikina haɗa sauti ne, kuma yawancin masu shigo mana situdiyo samari ne 'yan gambarar zamani. Ka sakar wa yaro kiɗa, ya yi ta zubo baiti har wuyanka ya gaji da jinjina kai. Amma ka ce ya kawo waƙa guda kammalalliya, mai amshin da yara za su riƙa rerawa a layi, sai a shiga kame-kame. Iya baiti daban, iya waƙa daban. Tarihin gambara a Amurka ya nuna haka tun kafin mu.

Canibus nake yawan ba su misali da shi. A ƙarshen shekarun 1990 kusan babu wanda ake shakkar karawa da shi kamarsa. Ya yi sa-in-sa da LL Cool J, wanda ya riga shi suna da fiye da shekara goma, har Canibus ya sako ɗan dambe Mike Tyson cikin waƙar martaninsa a 1998. Da kundinsa na farko ya fito a wannan shekarar, jikin masoya ya yi sanyi. Kaifin harshe na nan, amma babu waƙar da ta zauna a bakin mutane. Ya ɗora laifin a kan Wyclef Jean da ya haɗa masa kiɗa. A 2002 ya shiga sojan Amurka. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na 2012, a gasar baiti da Dizaster, inda kansa ya ɗaure ya zaro littafi yana karantowa a gaban jama'a.

Akwai kuma ciwon jira, wanda ni a gurina ya fi kowanne cin mutane. Jay Electronica ya girgiza masu sauraro da waƙa guda a 2009, Jay-Z ya ɗauke shi a kamfaninsa na Roc Nation a 2010, amma kundinsa na farko bai fito ba sai Maris 2020. Shekara goma! Matasan da suka yi ta ɗokinsa sun yi aure sun haihu kafin nan. Lauryn Hill ma ta kwashi lambobin yabon waƙa na Grammy biyar a 1999, har yau ba ta sake kundin situdiyo na biyu ba, ko da yake nata lamarin ya fi haka sarƙaƙiya.

Irin wannan ciwon yana nan a kwamfutata. Akwai wani yaro mai murya kamar an wanke ta, waƙarsa ta gama haɗuwa tuni. Duk zuwan da zai yi sai ya sa abin ji a kunne, ya runtse ido, ya ce, "Oga, bari dai in sake baitin nan na biyu." Na ce masa, "Ƙanena, wanda ka yi a farko ya fi." Ya ce a'a. Kafin ya gama gyara, salon kiɗan ya tsufa, sa'anninsa da ba su kai shi ba sun fitar da nasu suna ta yawo a TikTok. Shi ya sa yanzu kafin in kunna makirfo sai mun tsayar da ranar fitarwa, kuma amshi nake fara nema, ba baiti ba.

Sai dai ba na haɗa waɗannan da waɗanda ƙaddara ta tare. An harbe Big L a unguwar Harlem ta New York a 1999 yana ɗan shekara 24. Shyne ya sha ɗaurin shekaru bayan harbe-harben wani gidan rawa a New York, aka tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar Belize a 2009, ya zama ɗan majalisa a can a 2020. Ni dai ban san ko wannan faɗuwa za a kira shi ba.

The D.O.C. kuwa ya fitar da kundinsa a 1989, bayan 'yan watanni haɗarin mota ya lalata masa maƙogwaro. Murya ta tafi, alƙalami bai tafi ba, ya koma rubuta wa Dr. Dre baitoci a kundin da Dre ya fitar a 1992. Labarinsa nake ba yaran da na ga sun iya rubutu amma muryarsu ba ta ɗaukar kiɗa, in ce su gwada rubuta wa wasu. Yawancinsu haushi suke ji, wasu ma daga ranar ba na sake ganinsu.