Karatun Masar ta Dā a Jami'a: Harshen Ne Ke Tankaɗe Ɗalibai

Yawancin masu shiga wannan fanni dala da kaburburan fir'aunoni ne suka jawo su, amma abin da ke jiransu a zangon farko nahawu ne. Kusan duk inda ake koyar da shi da gaske, ko a Jami'ar Alƙahira, ko Oxford, Liverpool, Leiden da Chicago, da Masarancin Tsakiya ake farawa, wato harshen zamanin Daular Tsakiya, wajen 2055 zuwa 1650 kafin Miladiyya. Dalili kuwa shi ne Masarawa sun ci gaba da rubuta al'amuran addini da na sarauta da shi ƙarnoni da yawa bayan bakinsu ya sauya, don haka wanda ya iya shi zai karanta bangon haikali na zamanai daban-daban.

Alamomin hiroglif, wato rubutun Masarawa mai zane-zanen hotuna, da ɗalibi zai riƙa cin karo da su sun haura 700, kuma da jerin da masanin Masaranci Alan Gardiner ya tsara a 1927, mai rukuni 26, ake neman su. Ba a haddace su a tashi ɗaya. A fara da guda 24 masu baƙi ɗai-ɗai, a zauna da su har hannu ya saba zana su, sannan a shiga masu baƙi biyu da masu uku, biyar ko shida a rana. Wanda ya bari sai jarrabawa ta matso, to ya makara.

Kurakuran sabon shiga sanannu ne. Ɗauki kalmar nfr, mai nufin kyau. Alama ɗaya ce ke ɗauke da baƙaƙen uku, amma marubuci kan ƙara hoton maciji mai ƙaho, wato f, da hoton baki, wato r, don ya tabbatar wa mai karatu. Sai ɗalibi ya karanta nfrfr, ya yi ta laluben ƙamus bai samu ba. Akwai kuma alamar ƙarshen kalma da ba a furtawa, aikinta nuna ma'ana kawai: pr gida ne, amma idan aka biyo shi da baki da ƙafafu biyu masu tafiya, ya zama fita. Wajen alkibla, a dubi inda tsuntsaye da mutane suka fuskanta, daga can layi ke farawa. Sunan sarki ko na abin bauta kuma akan sa shi gaba don girmamawa ko da a baya ake karanta shi, abin da ke rikita kowa a addu'ar hadaya da ke jikin duwatsun kabari.

Ba a rubuta wasali, shi ya sa malamai ke cusa e tsakanin baƙaƙe su ce nefer, don dai harshe ya iya juyawa. Wanda ya saba karanta Larabci ba wasali ya riga ya ci rabin wannan wahala. Mai jin Hausa ma yana da tasa garaɓasar, domin harsunan biyu dangi ne na nesa: mwt mutuwa ce, fdw huɗu, kuma pr.k na nufin gidanka. Sai dai a yi hattara, kamannin kalma biyu ba hujja ba ne sai an bi ƙa'idar sauyin sauti.

Daga shekara ta biyu akan shiga hiratik, rubutun hannu mai gudu da ake yi da tawada a kan fafirus, takardar Masarawan dā, kuma nan ne wasu da suka yi fice a hiroglif ke durƙushewa, saboda kowane magatakarda da irin hannunsa. Kibɗanci, matakin ƙarshe na harshen, kada a raina shi. Shi kaɗai ke rubuta wasali, kuma da shi masanin Faransa Champollion ya dogara lokacin da ya warware rubutun hiroglif a 1822. Jamusanci da Faransanci kuwa dole ne ga mai niyyar digiri na biyu, tunda babban ƙamus ɗin fannin da Jamusanci aka yi shi.

Lissafin zamani wani tarko ne. Masarawa da shekarun mulkin sarki suke ƙidaya, rabon sarakuna gida 30 kuma daga Manetho ya zo, wani malamin haikali na ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Shekararsu kwana 365 ce cif, watanni 12 masu kwana 30 da ƙarin kwana 5, don haka tana zamewa daga shekarar rana da kwana ɗaya duk shekara huɗu. Ɗalibi ya riƙe jerin gidajen sarauta da kyau, ya bar jayayya a kan shekara goma ko ashirin na zamanan farko.

A filin tono, tsingaron tukwane ya fi zinariya amfani. Masanin tono Flinders Petrie ne ya nuna cewa sauyin siffar tukunya na iya jera kaburbura bisa zamani, kuma har yau ana koya wa ɗalibi ya duba karyayyen gefen tsingaro ya bambance yumɓun bakin Nilu, mai ja-ja, da na hamada mai haske. Tono sai da izinin hukumar kayan tarihi ta Masar, kuma tun dokar 1983 abin da aka tono na ƙasar ne.

Ladan duk wannan wahala yana a wurare irin Deir el-Medina, ƙauyen ma'aikatan da suka sassaƙa kaburburan Kwarin Sarakuna, inda aka binne fir'aunoni da dama. A can aka samu wani ɓallin farin dutse na shekara ta 40 ta mulkin Ramses na Biyu, yana gidan tarihi na Birtaniya yanzu, ɗauke da sunayen ma'aikata da ranakun da suka yi fashin aiki. An rubuta dalilan da jar tawada: wannan kunama ta harbe shi, wancan yana dafa giya, wani ciwon ido, wani kuma yana naɗe gawar mahaifiyarsa.