Bishop ɗin da ya zauna ya karanci Musulunci

Yau da safe a teburin mai shayi gardamar addini ta kaure tsakanin wasu samari biyu har murya ta fara tashi, sai wani dattijo da ke gefe da carbinsa ya ce musu ku yara kun san Bishop Josiah Idowu-Fearon kuwa? Shiru, ba wanda ya san shi. Wallahi abin ya taɓa ni, Musulmi ne tsoho yake kiran sunan limamin Angilika da girmamawa haka, har yana cewa mutumin ya fi wasunmu sanin littattafanmu.

Kuma gaskiya Baba ya faɗa. Ɗan jihar Kogi ne, ya zama bishop a Sakkwato a 1990, daga baya aka dawo da shi Kaduna, yana nan rikicin shekarar 2000 ya same mu lokacin da gari ya rabe kowa ya koma ɓangaren nasa. Shi kuwa har Birmingham ta Ingila ya je ya yi digiri na biyu kan addinin Musulunci, ya zo ya buɗe cibiyar nazarin alaƙar Kirista da Musulmi a Kaduna, kuma ya sha suka a wajen wasu 'yan cocinsa saboda wannan kusancin amma bai fasa ba. A 2015 ya zama babban sakataren ɗariƙar Angilika ta duniya baki ɗaya, ɗan Afirka na farko a kujerar, har zuwa 2022. Ni dai abin da ke damuna yaranmu na Kaduna sun taso ba su ma taɓa jin sunansa ba.